Gudun Hunturu Zuwa Bakin Teku: Yadda Baƙo Zai Karanci Tsohon Otal

(Kiɗan buɗe shiri)

Muna gaida mutanen Sule Tankarkar ciki da waje, da na Danzomo, da Jeke, da Danladi, da Amanga. Muna gaida Gumel da Maigatari da Gagarawa, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka da ke kama mu daga ƙasar Nijar. Da fatan an kammala aikin kaka lafiya, Allah Ya sa wa abin da aka girbe albarka.

Hunturu dai ya kankama. Iskar arewa maso gabas ta taso da ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa nata ke fitowa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta lulluɓe mu da hazo. Da asuba a nan yankinmu ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 12 ko 13, wani lokaci har ƙasa da haka. Leɓe ya tsage, faso ya buɗe, mai asma da mai ciwon gaɓoɓi suna ji a jikinsu. A daidai wannan lokacin kuwa, mutumin Legas yana cikin zafin da ya kai digiri 32 da rana, da dare ma da wuya ya sauka ƙasa da 23. Dalili shi ne ruwa yana daɗewa kafin ya ɗauki zafi, yana kuma daɗewa kafin ya sake shi. Saboda haka teku kan riƙe ɗumin garuruwan da ke gaɓarta dare da rana, alhali rairayinmu da zarar rana ta faɗi sai ya huce.

Wannan ɗumin ne ke sa wasu mutane yin ƙaura ta 'yan kwanaki zuwa bakin teku a lokacin sanyi. Turawa sun daɗe suna yi. A shekarar 1965 aka fara kawo ayarin 'yan yawon buɗe ido daga ƙasar Suwidin zuwa Gambiya, suna gudun ƙanƙara, kuma har gobe daga watan Nuwamba zuwa Afrilu otal-otal ɗin gaɓar Gambiya cika suke yi da baƙi. To, shirinmu na yau zai duba ɗan Arewa ne da ya samu kansa a irin wannan masauki, musamman tsohon otal da ya kwana biyu a bakin ruwa. Me zai duba, me zai tambaya, me kuma zai kiyaye?

Na san wani zai ce, "Malam, mu da muke fama da kuɗin taki, ina mu ina hutu a bakin teku?" Gaskiya ne, ba kowa ke da halin tafiyar shaƙatawa ba. Amma mu tuna wa ke tafiya Kudu a wannan lokaci. Duk ranar Alhamis tireloli na tashi daga kasuwar Maigatari da shanu da raguna, kuma masu dabbobin kan bi bayansu. Riɗi da zoɓon da muka noma, da yawansu ta tashar jiragen ruwa ta Apapa suke fita ƙasashen waje, 'yan kasuwarmu na bin kayansu har can. Ma'aikatanmu ana tura su taro ko kwas. Akwai masu zuwa Kwatano sarin kaya, akwai masu Umra da ke kwana a Jidda, gaɓar Bahar Maliya. Ga kuma samarinmu 'yan cin rani, waɗanda wasunsu a ƙofar waɗannan otal-otal ɗin suke gadi, ko canjin kuɗi, ko sayar da tsire. Kenan ko ba kai ba, akwai naka.

Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba su san otal ba. A zango suke sauka, hannun maigida: shi ne mai masauki, shi ne dillali, shi ke lamunce baƙo. Haka abin ya ci gaba bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, da kuma lokacin da aka buɗe reshen Nguru, wanda ya ratsa ta Gagarawa, a 1930. Marigayi Alhassan Ɗantata ma, kafin ya shahara da cinikin gyaɗa a Kano, goro yake ɗorawa a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da yanzu ake kira Gana zuwa Ikko, wato Legas. Amfanin maigida shi ne yana faɗa wa baƙonsa gaskiya: kada ka sha ruwan rijiyar can, kada ka bi lungun can da dare, kada ka kusanci ruwa a wuri kaza. A otal babu mai yi maka wannan. Za a miƙa maka makulli da murmushi, sauran kuma ya rage naka. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, don haka sai mu taimaka wa idon.

Bari mu fara da yi wa tsohon otal adalci, domin da tsohuwar zuma ake magani. Otal-otal ɗin da aka gina a gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin samun 'yancin kai sun riga kowa zaɓar fili. Dubi otal ɗin Federal Palace da ke kan Titin Ahmadu Bello a Tsibirin Biktoriya na Legas, wanda aka buɗe a 1960, shekarar da Nijeriya ta samu mulkin kai. Dubi otal ɗin Eko da ya fara aiki a 1977, shekarar bikin al'adun baƙar fata na FESTAC. Gine-ginen wancan zamani, manyansu da ƙananansu, galibi suna da faɗin ɗaki, da rufi mai tsawo, da manyan tagogi da baranda. An yi su ne da sanin cewa da rana iska na busowa daga teku zuwa tudu, da dare kuma ta juya, don haka ko babu na'urar sanyaya ɗaki mutum zai sha iska. Sau da yawa za ka tarar da manyan itatuwa masu inuwa, da ma'aikatan da suka shekara ashirin ko talatin a wurin, sun san gari ciki da bai. Ƙananan tsofaffin otal-otal kuma sun fi sababbi sauƙin kuɗi. Saboda haka shekarun gini kaɗai ba abin gudu ba ne. Abin dubawa shi ne kulawar da aka ba shi, kuma a nan ne idonmu na mutanen tudu ke yaudararmu.

A nan gida, gini daga waje yake nuna tsufansa. Damina ta zaizaye yaɓe, gara ta ci azara, indararo ya toshe, duk ido na gani, da kaka ta yi sai a kira magini. A bakin teku kuwa, daga ciki gini ke ruɓewa. Ga yadda abin yake. Kowace lita ɗaya ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Duk sanda igiyar ruwa ta fashe a gaɓa, iska kan kwashi feshinta mai gishiri ta shafa wa bango. Kankare kuwa yana da 'yan ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Danshi sai ya riƙa jan gishirin nan ciki a hankali, shekara da shekaru, har ya kai ga rodin da ke riƙe da ginin. Da ya kai, rodi ya fara tsatsa. Ita kuma tsatsa kumbura take yi, kamar waken da aka jiƙa, ta ninka ƙarfen da ta ci a girma. Sai ta turo kankaren daga ciki, ya tsage, ya ɓamɓare. Mai otal yana iya shafe wurin da sabon fenti, amma fenti ba ya tsayar da tsatsa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ranar 24 ga watan Yunin 2021 wani dogon benen gidajen kwana da ke bakin teku a garin Surfside na jihar Fulorida a Amurka ya rushe cikin dare, mutum 98 suka rasu. An gina shi a 1981, kuma tun 2018 rahoton wani injiniya ya nuna tsagewar kankare da ɓarnar da ruwa ya yi a ƙasan ginin. An ga alama, gyara ne ya yi jinkiri.

To, kai baƙo, ba injiniya ba ne kai, amma akwai abin da za ka iya gani. Kada ka tsaya a wurin karɓar baƙi kawai, domin nan ne kowane otal ke ƙawatawa. Zagaya ta baya, leƙa wurin ajiye motoci, musamman in a ƙarƙashin ginin yake. Ɗaga kai ka dubi ƙasan barandu. In ka ga jan layin tsatsa yana gangarowa a bango, ko kankare ya ɓalle rodi ya fito fili, ko doguwar tsaga ta bi tsawon ginshiƙi, to ginin yana neman gyara. Idan aka ba ka ɗaki mai baranda, kama ƙarfen ka girgiza kafin kowa ya jingina. Yana motsi? Rufe ƙofar barandar, kada yaro ya fita, ka nemi a sauya maka ɗaki.

Daga nan sai cikin ɗaki. Kada ka biya kuɗi sai ka ce a nuna maka ainihin ɗakin da za ka kwana, domin gani ya kori ji. Da an buɗe ƙofa, hancinka ne ɗan sanda na farko. A lokacin hunturu, danshin iskarmu kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, shi ya sa wanki ke bushewa kafin a gama shanya. A Legas kuwa yakan kai kashi 70 zuwa 80, har fiye. Ɗakin da ya daɗe a rufe cikin irin wannan laima sai ya yi hunhuna, wato baƙi-baƙin nan ko kore-koren da ke fitowa a bango, da bayan labule, da cikin durowa, da ƙasan kafet. Wannan gargaɗi ne na musamman ga mai asma. Ka gudo daga ƙurar hunturu don ƙirjinka ya huta, in ba ka lura ba hunhuna ta tayar maka da ciwon fiye da yadda ƙura ta yi. Ɗaki mai tayil ya fi mai kafet, mai tagar da ke buɗuwa ya fi wanda aka liƙe. Ko'ina ka je, maganin shaƙarka na aljihu.

Ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin gefen katifa da kan gado. Ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ce. Kada ka ɗora jaka a kan gado sai ka duba, don kada ka kawo wa iyali tsarabar da ba a so.

Sai ruwa. Buɗe famfo ka ga kalarsa. A unguwannin da ke daf da teku, ruwan burtsatse kan zo da ɗanɗanon gishiri ko ja-ja na ƙarfe, tsofaffin bututu kuma na ƙara nasu. Yi wanka da shi, amma na sha a sayi na roba mai hatimi. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ke yaɗuwa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe kwance a tanki ko bututu. An gano ta ne bayan wani taron tsofaffin sojoji a wani otal a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, inda kimanin mutum 30 suka rasu da ciwon huhu. Ta shaƙar tururi da feshin ruwan ake kamuwa, kuma ta fi yi wa dattawa da masu shan taba da masu ciwon suga illa. Dabarar mai sauƙi ce: in ɗakin ya nuna alamar an daɗe ba a kwana cikinsa ba, buɗe taga, saki shawa ta zuba na 'yan mintoci, kai kuma ka fita daga banɗakin, sannan ka dawo ka yi wanka.

Lantarki ma gishiri bai bar shi ba. Soket ɗin da ya yi baƙi, ko ya saki, ko kake jin ƙaurin waya, kada ka saka caja a ciki. Tambayi lokacin da ake kunna janareto da lokacin da ake kashewa, ka kuma guji ɗakin da tagarsa ke kallon gidan janareto, domin hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Kafin ka kwanta daren farko, fita ka nemo matakalar gudun gobara. Bi ta da ƙafarka har ƙasa, ka tabbata ba a garƙame ƙofar da kwaɗo ba, ba a kuma cika ta da tsofaffin kujeru ba. In wuta ta tashi ba a shiga lif, kuma a duƙe ake tafiya, saboda hayaƙi sama yake bi. Mai tafiya da tsoho ko ƙananan yara, ya fi masa alheri ya nemi hawa na ɗaya ko na biyu. A Legas lambar neman agajin gaggawa ita ce 112 ko 767, a ajiye ta a waya.

Jama'a, bari mu ɗan sha iska. In mun dawo, za mu gangara bakin ruwan kansa.

(Gajeren kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan ɗan Arewa da ya sauka a tsohon otal na bakin teku a lokacin hunturu.

Abu na farko game da gaɓar teku shi ne ba ta zama wuri ɗaya. Dattawanmu da suka yi zaman Legas za su ba ka labarin Bar Beach, inda jama'a ke tururuwa ranar Lahadi da lokacin Sallah. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulki suka jibge dogayen shingayen duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa don jirage su samu hanya. Shingayen suka tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, sai teku ta shiga cin gaɓar da ke gabas, har ta riƙa malalowa kan Titin Ahmadu Bello. Daga baya aka cike wurin da yashi, aka yi masa katangar duwatsu, aka kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic. Yau Bar Beach sai a labari. Saboda haka in ka ga hoton otal da rairayi a ƙofarsa, tambayi shekarun hoton. Mai yiwuwa ruwa ya cinye rairayin, ko an gina wani abu tsakaninsa da teku.

Abu na biyu, kuma shi ne mafi nauyi a shirin yau: yankinmu na Gumel ba shi da kogin da ke gudu shekara, yaranmu a kududdufi da tafki suke koyon iyo da damina. Wannan ruwa ne kwantacce. Tekun Atlantika kuwa a gaɓar Legas da Kwatano da Lome da Akra tana da ƙarfin igiya, tana kuma da abin da za mu kira jan ruwa. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, sai ya samu wata siririyar hanya ya bi da gudu zuwa ciki. Gudun nan wani lokaci yana iya wuce mita 2 a daƙiƙa ɗaya, wanda ko gwanin iyo na duniya ba ya iya tsere masa. Abin da ke ruɗar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: babu farin kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu, ya kwanta tsakanin wurare biyu da igiya ke fashewa. Sai baƙo ya ce, "Ga inda ya fi sauƙi," ya shiga bakin haɗari.

In Allah Ya ƙaddara jan ruwa ya kama mutum, kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutane. Ruwan ba ƙasa yake ja ba, ciki yake ja, kuma ba shi da faɗi. Mutum ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ya yi kira. In ya iya iyo, ya yi ta gefe, wato ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar, sannan ya nufo tudu. Na kan tudu kuma kada ya faɗa ceto in bai ƙware ba. Ya jefa jarka ko taya ko igiya, ya kira masunta ko masu tsaron gaɓa. Sau da yawa mai ceton ne ake rasawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma yara da matasa na da kaso mai yawa a ciki.

A ƙara da waɗannan. Jar tuta na nufin kada a shiga. Babbar riga da hijabi da zani in sun jiƙe nauyi suke yi, suna kuma naɗe ƙafa, don haka ko wasan ruwa iya gwiwa a yi hattara. Kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto, musamman a kan duwatsu. Ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya saboda jan da wata ke yi masa, kusan duk awa shida yana sauyawa, don haka inda ka shimfiɗa darduma da azahar yana iya zama cikin ruwa kafin magariba. Yaro kuma, ko a teku ko a tafkin wankan otal, kada ya wuce inda hannunka zai kai.

Ta fuskar lafiya, kada sanyin gida ya sa ka manta da sauro. Mu a nan zazzaɓin cizon sauro da damina ya fi yawa, da hunturu sai ya lafa. A gaɓar teku ba shi da hutu duk shekara. Duba wayar taga ko ta yage, ka tafi da gidan sauronka in da hali. Wanda ya ji zazzaɓi a can ko bayan ya dawo, ya je a gwada jininsa, kada ya ce canjin iska ne. Zafin can mai gumi ne, jiki na zubar da ruwa sosai, a yawaita sha. Kifi da jatan lande halal ne, amma a ci da zafinsu, wanda kuma bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya fara da kaɗan, domin wasu jikinsu ba ya karɓa. In leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take.

Sai batun ibada. A Legas teku tana kudu, alƙibla kuma tana gabas maso arewa, wato in ka fuskance ta daidai tekun za ta kasance ta hannunka na dama. A Jidda kuwa teku tana yamma, Makka tana gabas, ruwan a bayanka yake. Lokacin salla ma da bambanci: Legas ta fi mu yamma, a watan Disamba rana kan faɗi can kusan rabin awa bayan ta faɗi a Gumel, don haka mai azumin nafila kada ya sha ruwa da lokacin gida. Agogon Togo da Gana kuma yana bayan namu da awa ɗaya, na Binin daidai yake da namu. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi bayanin cewa matafiyi yana ƙasaru, amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku sai ya cika sallarsa, a tuntuɓi malami kafin tafiya don ƙarin haske. Ruwan teku kuma mai tsarki ne, ana alwala da shi. A tafi da buta, domin ba kowane banɗakin otal ke da abin tsarki ba. Mai iyali ya tambaya tun kafin ya biya: akwai mashaya ko gidan rawa a harabar, kuma ɗakina yana nesa da su? In akwai giya a ɗan firjin ɗaki, a ce su kwashe. Masallatai kuwa ba sa wuya. Wanda ya samu sarari ya ziyarci masallacin Shitta-Bey da ke tsibirin Legas, wanda aka buɗe tun 1894.

Mu zo ga aljihu. Kuɗin da aka faɗa maka a waya sau da yawa ba shi ne za ka biya ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, jihar Legas na da nata harajin otal da gidajen abinci na kashi 5, wasu otal-otal kuma na ɗora kashi 10 na hidima. A ce ɗaki naira 50,000 ne, in duk an haɗa sai ya koma 61,250. Don haka tambayar ita ce, "Nawa ne gaba ɗaya, har da haraji? Da karin kumallo ko babu?" Yawancin otal-otal ƙarfe 12 na rana ake sallamar ɗaki, in ka wuce a caje ka. Karɓi rasit a kan duk abin da ka biya. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum don kawai ka ga hotuna a Facebook ko WhatsApp. Ka sa ɗan'uwa da ke Agege ko Idi-Araba ko Obalende ya je ya gano maka, ko a nuna maka ɗakin ta kiran bidiyo. Daga tsakiyar Disamba zuwa sabuwar shekara Legas da Akra cika suke yi da masu dawowa hutu daga ƙasashen waje, farashi ya hau, hayaniya ta yi yawa. Mai neman hutu na gaske ya jira tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu. Mai bin jirgin sama daga Kano kuma ya bar wa kansa sarari, domin hazo kan jinkirta tashin jirage. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Wanda zai tsallaka iyakar Seme zuwa Kwatano ko Lome ko Akra, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ba biza har kwana 90, amma sai da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin rigakafin cutar shawara. Binin da Togo sefa suke kashewa, Gana kuma sidi. A duk waɗannan biranen akwai zango na Hausawa, kuma gaida sarkin zango ko limamin unguwa ba ya rage wa baƙo komai. Matambayi ba ya ɓata.

Jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Ga roƙona gare ku. Yawancin masu saurarenmu ba za su kwana a otal bana ba, amma kusan kowane gida a Sule Tankarkar da kewaye yana da ɗa ko ƙane da ya tafi cin rani Kudu, kuma ranar hutu abokai kan ja shi zuwa kallon teku. Iyaye, in kun yi waya da shi a makon nan, bayan tambayar lafiya da saƙon cefane, ku faɗa masa abu uku: inda ruwa ya kwanta luf tsakanin igiyoyi nan ne haɗari, in ruwa ya ja shi ya bi ta gefe kada ya yi kokawa, kuma kada ya faɗa ceton wani hannu rabbana. Malamanmu na makarantu da limamai, ku taya mu isar da wannan saƙo.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya ba mu ikon cinye wannan hunturu cikin ƙoshin lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)